'Yan mowa da 'yan bora a gasannin kurket

A watan Janairun 2025 labarai biyu suka fito daga duniyar wasan kurket, kusan a jere, kuma har yau na kasa raba su a raina.

Na farko daga Malesiya ya zo. 'Yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19, waɗanda wannan ne zuwansu na farko gasar Kofin Duniya, sun doke New Zealand a garin Kuching. Ruwan sama ya sa aka taƙaita wasan, namu suka tara maki 65, su kuma suka maƙale a 63. Yaran suka haye zagaye na biyu, can ma suka kayar da Ireland.

Na biyun kuwa jaridun Ostireliya ne suka fasa ƙwai. Masu faɗa a ji na Indiya da Ingila da Ostireliya suna shawarar a raba wasan kwana biyar gida biyu, manya a sama, sauran a ƙasa, don su ukun su riƙa karawa da juna a kai a kai ba tare da ƙananan ƙasashe sun cinye musu lokaci ba.

Wato a watan da yaran da ba wanda ya lissafa da su suka kayar da ɗaya daga cikin tsofaffin gidajen wasan, a watan ne manyan gida ke neman ƙarin sakata a ƙofa. Ko shawarar tasu ta mutu ko tana kwance tana jiran lokaci, tunanin da ya haife ta yana nan da ransa.

Ra'ayina a fili yake. An tsara gasannin kurket da kofunansa ne ta yadda za su kare kuɗin ƙasashe uku, neman gwani kuma ya biyo baya. Wannan rashin adalci ne, kuma ko ta fuskar ciniki ma wauta ce. Ya kamata a buɗe gasannin, a bar fili ya yanke hukuncin wanda zai shiga da wanda zai tsaya a waje.

Ga wanda bai saba da wasan ba, kurket kala uku ne. Akwai Tes, mai ɗaukar har kwana biyar, shi ne mafi tsufa da daraja. Akwai na yini guda, inda kowane ɓangare ke da oba 50, oba ɗaya kuwa jifa shida ne. Sai T20, mai oba 20, wanda ake gamawa a yammaci guda. Hukumar wasan ta duniya, ICC, tana da mambobi fiye da ɗari, amma 12 ne kawai cikakku. Su kaɗai ke da izinin buga Tes na maza, kowannensu yana da kujerarsa a majalisar gudanarwa, sauran ƙasashen duka kuma kujera uku suke rabawa. Tsarin kashin dankali ne, babba a kan ƙarami.

Yadda ƙofar ta tsuke

Kofin Duniya na yini guda ya fara a Ingila a 1975 da ƙungiyoyi takwas. Sannu a hankali ya faɗaɗa: 12 a 1996, 14 a 2003, 16 a 2007. A nan labarin ya juya.

Ranar 17 ga Maris, 2007, a tsibiran Karebiyan, Bangladesh ta doke Indiya, Ireland kuma ta doke Pakistan. Rana ɗaya. Ƙasashen biyu da suka fi kowa masu kallo suka tattara komatsansu tun zagayen farko. Karawar da gidajen talabijin suka sa rai za ta kasance tsakanin Indiya da Pakistan sai ta koma Bangladesh da Ireland, masu talla suka ji a jikinsu.

A ƙwallon ƙafa da irin wannan rana ake tunƙaho. Har gobe muna ba da labarin yadda Kamaru ta kayar da Ajantina a 1990, da yadda Senegal ta yi wa Faransa a 2002. A kurket kuwa darasin da aka ɗauka shi ne kada a sake barin irin haka ta faru. Aka rage zuwa 14 a 2011 da 2015, sannan aka datse zuwa 10 a 2019 da 2023, kowa ya buga da kowa. Sirrin wannan tsari shi ne ko Indiya ta sha kashi a kowane wasa, dole ta buga tara kafin ta koma gida. An sayar da wasanni taran tun ba a jefa ƙwallo ba.

Wanda ya kalli wasannin neman gurbi na 2018 a Zimbabuwe ya ga kuɗin da aka biya. Ƙungiyoyi goma, gurbi biyu kacal. Zimbabuwe ta faɗi a gaban jama'arta da maki uku a hannun Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ta rasa Kofin Duniya karon farko tun 1983. Scotland kuma ta rasa gurbinta da maki biyar a hannun West Indies, haɗakar ƙasashen Karebiyan, bayan alƙalin wasa ya fitar da ɗan wasanta Richie Berrington a hukuncin da bidiyo ya nuna kuskure ne, sannan ruwan sama ya katse wasan. Ba a kawo na'urar sake duba hukunci gasar ba. Makomar ƙasa ta shekara huɗu ba ta kai a kashe mata kuɗin na'ura ba.

Wanda kuma ya ɗaga kofin a 2019 a matsayin kyaftin ɗin Ingila shi ne Eoin Morgan, haifaffen Dublin, wanda ya buga wa Ireland gasar 2007. Ya sauya sheƙa ne don a lokacin ƙasarsa ba ta da izinin buga Tes. Ireland ta reni ɗa, ta zauna a gida tana kallon maƙwabciya tana shagali da shi.

"Ai ba su iya ba"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo maka, kuma ba ƙarya ce zalla ba. A Kofin Duniya na T20 na 2024 West Indies ta fitar da 'yan wasan Yuganda kaf, maki 39 kawai suka tara. Samarinmu 'yan ƙasa da shekara 19 da suka je gasar 2020 a Afirka ta Kudu sun sha kashi mai zafi a rukuninsu, Japan kaɗai suka iya dokewa daga baya. Ba wanda zai sayi tikiti don ya ga an yi wa wani kisan mummuƙe. Gasar 2007 ma, a faɗi gaskiya, ta yi tsawo har ta gunduri mutane.

To amma waɗannan manyan, da iyawa aka haife su?

New Zealand ta fara buga Tes a 1930, ba ta ci ko ɗaya ba sai 1956. Shekara 26 tana shan duka. A 1955 Ingila ta fitar da ita a kan maki 26, adadin da har yanzu ba a samu mafi ƙanƙanta da shi ba a tarihin Tes. Ba wanda ya kore ta. Wannan New Zealand ɗin ce ta zama zakarar duniya ta farko a Tes a 2021, ita ce kuma ta je har Indiya a 2024 ta ci wasanni uku a jere. Indiya kanta ta fara a 1932, nasarar farko sai 1952. Siri Lanka ta samu cikakken matsayi a 1981, ta ɗauki Kofin Duniya a 1996.

Afganistan ce misalin da ya fi kusa da mu. Yawancin 'yan wasanta na farko a sansanonin gudun hijira na Pakistan suka koyi riƙe sanda. A Kofin Duniya na 2023 suka doke Ingila da Pakistan da Siri Lanka. A 2024 suka kayar da Ostireliya, suka kai wasan kusa da na ƙarshe na T20. A gasar 2023 ɗin dai Holan, wadda ba cikakkiyar mamba ba ce, ta doke Afirka ta Kudu. West Indies mai kofi biyu, na 1975 da na 1979, ko gurbi ba ta samu ba.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Abin da manyan ke yi shi ne su hana ka gwaji, sannan su ce ba ka da sakamako. Matan Thailand sun ga wannan ƙuru-ƙuru. A Nuwamban 2021 suna kan gaba a rukuninsu a wasannin neman gurbin Kofin Duniya a Harare, har sun doke Bangladesh da Zimbabuwe, sai wani sabon nau'in korona ya ɓulla aka soke gasar. Aka ce za a raba guraben bisa jadawalin matsayi na wasan yini guda. Thailand ba ta cikin jadawalin, domin ba a ba ta izinin buga wasannin da ake lissafawa a ciki ba. Bangladesh ɗin da suka doke ita ta tafi gasar, su suka koma gida.

A 1974 Yugoslabiya ta zura wa Zayar ƙwallo tara ba ko ɗaya. Da masu kurket ne ke riƙe da ƙwallon ƙafa, da a ranar an rufe wa Afirka ƙofa, da kuma ba mu ga Maroko a wasan kusa da na ƙarshe a Ƙatar ba.

"Indiya ce ke kawo kuɗin"

Wannan hujjar ta fi ta farko nauyi, don haka zan daɗe a kanta.

Gaskiya ne mafi yawan kuɗin kurket daga masu kallo a Indiya yake fitowa. A rabon da ICC ta amince da shi na 2024 zuwa 2027, hukumar kurket ta Indiya tana ɗaukar kashi 38.5 cikin ɗari, kusan dala miliyan 230 a shekara. Ingila da Ostireliya kowacce tana samun tsakanin kashi shida da bakwai. Ƙasashe fiye da 90 da ba cikakkun mambobi ba, har da Najeriya, su duka kusan kashi 11 suke rabawa. Masu kare tsarin suna cewa wanda ya fi zubawa shi ya kamata ya fi ɗiba.

Ban ce a raba daidai wa daida ba. Amma a tambayi kai: daga ina wannan dukiya ta Indiya ta samo asali?

A gasannin 1975 da 1979 wasa ɗaya tal Indiya ta ci, shi ma a kan haɗakar Gabashin Afirka. Ta je gasar 1983 a matsayin 'yar rakiya. Sai kyaftin ɗinta Kapil Dev da yaransa suka kayar da West Indies a wasan ƙarshe a filin Lord's da ke Landan, abin da ba wanda ya zata. Wannan nasara ce ta kunna wutar wasan yini guda a ƙasar, bayan shekara huɗu kuma aka fitar da Kofin Duniya daga Ingila karon farko, aka kai shi Indiya da Pakistan. A 2007 hukumar Indiya ba ta ɗauki T20 da muhimmanci ba, manyan taurarinta ma ba su je gasar farko a Afirka ta Kudu ba. Matasan da aka tura suka ciyo kofin, shekarar da ta biyo baya aka haifi gasar IPL, lig ɗin T20 ta cikin gida a Indiya.

Dukiyar nan, ashe, daga ranar da ƙarami ya kayar da babba ta tsiro. Wanda ya ci gajiyar buɗaɗɗiyar ƙofa shi ne yau yake tura ta da kafaɗa.

Kowane manomi ya san bambancin hatsin ci da na iri. Komai yunwar bazara ba a taɓa iri, domin wanda ya tuƙa shi tuwo ya ƙoshi yau, damina ta same shi da gona babu shuka. Kuɗin da ake hana Nepal da Yuganda da Ruwanda da Najeriya iri ne. A Kathmandu mutane kan cika fili maƙil, wasu har su hau bishiya, don kallon wasan neman gurbi. A 2024 maki ɗaya ya raba Nepal da doke Afirka ta Kudu. Ga kasuwa tana kira, an ba ta baya.

Akwai kuma abin da dogaro da ƙasa ɗaya ke yi wa mutuncin kofin kansa. Tun 2013 Indiya da Pakistan ba su sake yin jerin wasanni tsakaninsu su biyu ba saboda siyasa, amma kusan duk gasar ICC sai ka tarar da su a rukuni ɗaya. Ba ƙuri'a ke haɗa su ba, talabijin ne. A Kofin Zakaru na 2025 Pakistan ce mai masaukin baƙi, karon farko da ta karɓi babbar gasar ICC tun 1996. Indiya ta ƙi zuwa, aka bar ta ta buga duk wasanninta a Dubai, fili ɗaya, masauki ɗaya, sauran ƙasashe suna zirga-zirga. 'Yan Afirka ta Kudu sun tashi zuwa Dubai don ko za su buga wasan kusa da na ƙarshe a can, suka juyo Pakistan ba su buga komai ba. Wasan ƙarshe ma a Dubai aka yi, mai masaukin baƙi ya ga bikinsa a gidan wani. Ƙungiyar Indiya ta lokacin gwana ce, mai yiwuwa ko a ina aka buga za ta ci. Tsarin ne ya shafa wa nasararta ƙura.

A watan Satumban shekarar kuma, Indiya ta ci Kofin Asiya a Dubai, 'yan wasanta suka ƙi karɓarsa daga hannun Mohsin Naqvi, shugaban hukumar kurket ta nahiyar, wanda shi ne ministan harkokin cikin gida na Pakistan. Aka fice da kofin daga filin, zakaru suka yi murna hannu wayam. Shugaban ICC, Jay Shah, shi ma ɗan ministan harkokin cikin gida na Indiya ne. Wasan da shugabancinsa ya koma haka, ƙaramar ƙasa wa za ta kai wa ƙara?

"To ba ga T20 an ba ku ba?"

An ba mu, kuma ba zan ƙi yabawa ba. Tun 2019 duk wasan T20 na maza tsakanin mambobin ICC ana lissafa shi a matsayin na ƙasa da ƙasa, na mata ma tun 2018. Kofin Duniya na T20 na 2024 ya ɗauki ƙungiyoyi 20. A nan Amurka ta doke Pakistan a Dallas, Yuganda ta samu nasararta ta farko a kan Papua New Guinea. Italiya ma ta samu gurbin gasar 2026. An kuma yi alƙawarin Kofin Duniya na yini guda zai koma ƙungiyoyi 14 a 2027.

Sai dai 14 komawa ce inda ake a 2003. An ƙwace maka abu, an dawo maka da wani ɓangare bayan shekaru, ana jiran ka yi godiya.

Kuma wannan nasara ta T20 hujja ce a kan masu rufe ƙofa. Gasar ƙungiyoyi 20 ba ta durƙusar da kowa ba, labaran da aka fi tunawa da su daga cikinta ma na ƙananan ne. In buɗewa ta yi amfani a nan, me ya hana ta yi a sauran?

Dubi Gasar Zakarun Tes da aka fara a 2019. Ƙasashe 12 ke da izinin buga Tes, tara aka sa a gasar, aka bar Zimbabuwe da Ireland da Afganistan a waje, babu hanyar hawa, babu ta sauka. Cikin taran ma kowa ba ya buga da kowa. A zagayen 2023 zuwa 2025 Ingila ta buga wasa 22, Afirka ta Kudu 12. Manyan uku suna ba juna wasa biyar-biyar, sauran a jefa musu biyu. A 2018 Ostireliya ta soke ziyarar da Bangladesh za ta kai mata, ta ce babu riba a ciki.

Da Afirka ta Kudu ta kai wasan ƙarshe, wasu tsofaffin 'yan wasa a Ingila suka ce ta bi hanya mai sauƙi. Kamar ita ta rubuta jadawalin. Temba Bavuma da yaransa suka amsa a fili, suka doke Ostireliya a Lord's a watan Yunin 2025. Zakarun duniya suka koma gida, kakar wasan da ta biyo baya babu Tes ko ɗaya da aka tsara musu a gaban jama'arsu.

Gasar Olamfik ta 2028 a Los Angeles za ta dawo da kurket, karon farko tun 1900. Dama ce babba, domin gwamnatoci da yawa ba sa sakin kuɗi sai ga wasan da ke cikin Olamfik. Ƙungiyoyi shida-shida kawai za su shiga, maza da mata.

Gasannin cikin gida ba za su cike giɓin ba

Wasu kan ce a bar kasuwa ta gyara. Ga IPL, ga irinta a Pakistan da Ostireliya da Karebiyan da Afirka ta Kudu da Dubai. Duk yaron da ya iya, daga ko'ina yake, za a saye shi.

Akwai gaskiya a nan ma. Rashid Khan na Afganistan ya zama tauraro ta wannan hanya, kuma ba ni da haushin ɗan wasan da ya nemi abin da zai riƙe iyalinsa. Kuɗin ba na wasa ba ne. An sayar da haƙƙin nuna IPL na shekara biyar, 2023 zuwa 2027, a kan fiye da dala biliyan shida. A gwanjon da aka yi a Jidda a Nuwamban 2024, ƙungiyar Lucknow ta sayi Rishabh Pant a kan rupi miliyan 270 don wasan wata biyu.

Amma lig tana ɗaukar nunannen ɗan wasa ne, ba ta renon ƙasa. Ba za ta gina fili a Kaduna ba, ba za ta biya mai horarwa a makarantar sakandare a Kampala ba. Har ƙasashen da suka riga suka tsaya da ƙafarsu tana rage musu ƙarfi. A Fabrairun 2024 Afirka ta Kudu ta tura 'yan sahu na biyu New Zealand buga Tes, da kyaftin ɗin da bai taɓa buga wa ƙasarsa ba, saboda gwanayenta suna gasar SA20, lig ɗin T20 ta ƙasar, a gida. Ƙungiyoyi shida ne a gasar, dukkansu mallakar masu ƙungiyoyin IPL. A watan Yunin 2025 Nicholas Pooran na West Indies ya ajiye wasan ƙasa yana ɗan shekara 29, Heinrich Klaasen na Afirka ta Kudu yana 33, duka biyun suna kan ganiyarsu, kuma suka ci gaba da buga lig.

Ita kuwa Indiya ba ta barin 'yan wasanta maza masu ci su buga lig a waje. Kowa ya kawo nasa kasuwarta, nata ba ya zuwa ta kowa. 'Yan Pakistan kuma rabonsu da IPL tun kakar farko ta 2008. Wannan ba kasuwa ce mai 'yanci ba.

Tsofaffin gasannin cikin gida, irin Kofin Ranji na Indiya da aka fara a 1934, da Garkuwar Sheffield ta Ostireliya, da gasar gundumomin Ingila, su ne makarantun da suka fitar da manyan 'yan wasa. Ba sa kawo riba, ana riƙe su ne da kuɗin da ke shigowa daga wani wuri. Manyan uku sun san haka sarai a gidajensu. A matakin duniya ne kawai suke mantawa.

Laifin ƙananan

Ba zan wanke 'yan bora tas ba. Kenya ta doke West Indies a 1996, ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2003, sannan rigimar shugabanci da rikicin albashin 'yan wasa suka cinye ta, har ta rasa matsayinta na wasan yini guda a 2014. ICC ta dakatar da Zimbabuwe na ɗan lokaci a 2019 saboda katsalandan ɗin gwamnati. Mu da muka san yadda hukumomin wasanni ke tafiya a nahiyarmu ba ma buƙatar dogon bayani. Duk kuɗin da za a ƙara, a haɗa shi da binciken littattafai.

Amma ko a labarin Kenya, a shekarun da suka biyo bayan 2003 da ƙyar manyan ƙasashe suka ba ta wasa. An bar ta ta yi sanyi a lokacin da wutarta ke ci.

Mu ina ruwanmu?

Wani zai ce mutumin Kano ko Zinder da bai taɓa ganin sandar kurket ba, me ya haɗa shi da wannan. Wasan ba baƙo ba ne a ƙasar nan kamar yadda ake zato. Tun 1904 aka buga tsakanin Legas da Gold Coast, wato Ghana ta yau, kuma tsofaffin kwalejojin gwamnati na Arewa sun san shi. Najeriya ta zama mamba a ICC da sunanta a 2002. A Wasannin Afirka da aka yi a Accra a Maris 2024 matanmu sun ciyo tagulla.

Yaran da suka kayar da New Zealand za su girma. Shekara kaɗan za su wuce matakin matasa, kuma a nan ne za su tarar da bango: Kofin Duniya na mata na yini guda a 2025 ƙungiyoyi takwas ne kacal. Su waɗanda suka doke a Kuching za su shiga tsarin da ke da albashi da filaye da jerin wasanni duk shekara. Namu za su koma jiran gasar yanki da ke zuwa jefi-jefi. In aka sake haɗuwa bayan shekara biyar aka lallasa mu, za a ce ai da ma ba su iya ba.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowa ba. Kofin Duniya na yini guda ya koma ƙungiyoyi 16, a rubuta cewa ba za a sake rage shi don wani babba ya faɗi da wuri ba. Gurbi ya zama abin da ake ci a fili, jadawalin matsayi ya daina tsare wa kowa kujera. In za a raba Tes gida biyu, to a sa hawa da sauka na gaske, wanda zai iya saukar da Ingila kamar yadda zai iya saukar da Bangladesh. Na san a nan ne za su tsaya, domin shugaban hukumar Ingila da kansa ya nuna fargabar ƙasarsa ta faɗa rukunin ƙasa ta rasa karawa da Indiya da Ostireliya. Kason ƙananan ƙasashe kuma ya ninka, ko da za a ɗebo daga na wanda lig ɗinsa kaɗai ta fi abin da ICC ke ba shi.

Gasar 2027 a nahiyarmu za a yi, Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da Namibiya ne masu masaukin baƙi. Biyun farko an ba su gurbi kai tsaye saboda cikakkun mambobi ne. Namibiya za ta gyara fili, ta tarbi baƙi, amma an ce sai ta bi layin neman gurbi kamar kowa, in ba ta samu ba ta kalli gasar a gidanta daga kan benci.